Sunaye Masu Harshen Damo: Daga Darna Sabon Gari Zuwa Sabon Ibadan

Wanda ya bar birnin Sakkwato ya miƙi hanyar arewa, ya wuce Kware da Gwadabawa, bayan tafiyar kilomita 80 da 'yan kai zai iske Illela, garin kan iyaka da ke fuskantar Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar. Ƙaramar hukumar Illela tana da mazaɓu 11. Akwai Araba da Kalmalo da Gidan Hamma da Tozai, sannan akwai biyu da suka yi tarayya a suna: Darna Tsolawo da Darna Sabon Gari.

Ta biyun ita ce mai rikita baƙo. Bakano in ya ji an ce Sabon Gari, abin da ke faɗo masa a rai shi ne coci-coci da otal-otal da layukan 'yan kasuwar kudu masu sayar da kayan gyaran mota. Wanda ya nufi Darna da wannan tunani zai tarar da gonakin gero da dawa da wake, da rumbuna, da masallatai, da Hausawa manoma masu gaisuwa da Sakkwatanci. Sunan bai yi ƙarya a Kano ba, bai kuma yi ƙarya a Darna ba. Haka yawancin sunayen Hausa suke, na garuruwa da na sarautu da na mutane: akwai abin da kunnen baƙo ke ji, akwai abin da 'yan gida suka sani.

Gari ɗaya, ma'ana uku

A karkarar ƙasar Hausa, Sabon Gari bayani ne kawai. Gari ya cika, ko gonaki sun yi nisa, ko 'yan'uwa sun saɓa, sai wasu su tashi su sari daji gaba kaɗan, a riƙa kiran wurin sabon gari don a bambanta shi da tsohon. Garin zai tsufa, sunan yana nan yadda yake. Sabon Birni da ke gabashin jihar Sakkwato, Gobirawa suka kafa shi a tsakiyar ƙarni na 19, shekaru bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808. Ya haura shekara 150 a duniya, har yau sabo ake ce masa.

Turawan mulkin mallaka ne suka ɗora wa sunan ma'ana ta biyu. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, sai akawuna da leburori da 'yan kasuwa suka kwararo daga kudu da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. A 1913 aka keɓe musu fili a wajen ganuwa, aka kira shi Sabon Gari. Haka aka yi a Zariya, inda yau Sabon Gari ta zama ƙaramar hukuma mai zaman kanta. 'Yan arewa kuwa da suka zo daga wasu garuruwa, su aka fi sauke wa a Tudun Wada. Daga nan Sabon Gari ya zama unguwar waɗanda ba 'yan ƙasa ba.

A ƙasar Yarabawa sai abin ya juye. Can ma akwai Sabon Gari, an dai taƙaita shi zuwa Sabo, kuma mazaunansa Hausawa ne. An kafa Sabon Ibadan a 1916 don fataken shanu da na goro, da Sarkin Hausawansu da limamansu, har wani masani, Abner Cohen, ya rubuta littafi sukutum a kan unguwar a 1969. Shagamu ma tana da nata Sabo, matattarar 'yan goro. Ke nan a Kano Sabon Gari yana nufin inda Bahaushe ya yi ƙaranci, a Ibadan kuma inda ya fi yawa. A Ghana zango ake cewa, kuma akwai Sabon Zango a birnin Accra, birnin da tsofaffin fatake ke kira Ankara, sunan da matasan yau suka sani a matsayin babban birnin Turkiyya.

Nasarawa ta Kano ma tana da irin wannan labari. Sarakunan Kano suna da gida da gandu a wurin tun kafin zuwan Turawa, kuma sunan daga nasara ya fito, wato galaba. Bayan an ci Kano a 1903, sai Turawa suka kafa mazauninsu a wannan yanki. Da yake Hausawa suna kiran Turawa Nasara, sai mutane da yawa suka ɗauka unguwar Nasara ake nufi. A baki akwai bambancin ja da karin sauti tsakanin kalmomin biyu, amma a takarda haruffansu ɗaya.

Illela biyu, Sarkin Katsina uku

Ita kanta Illela ba ita kaɗai ba ce. A tsallaken iyaka, cikin jihar Tawa, akwai wata Illela, babban gari mai gundumarsa. A Dandaji ta wannan gunduma aka haifi Mahamadu Isufu, wanda ya shugabanci Nijar daga 2011 zuwa 2021. Don haka a tashar Ƙonni, direba ba ya wadatuwa da jin "Illela za ni" sai ya tambaya ta wane ɓangare.

Sarautu sun fi haka sarƙaƙiya, kuma jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne sanadi. Sarakunan Haɓe da aka kora ba su bar sarautunsu a baya ba, sun tafi da su. Zuriyar sarakunan Katsina ta zauna a Maraɗi, kuma har gobe mai Maraɗi Sarkin Katsina ne. A birnin Katsina akwai Sarkin Katsina. A Gusau kuma akwai Sarkin Katsinan Gusau. Gobirawa sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi da Sarkin Gobir ɗinsu, alhali a jihar Sakkwato akwai Sarkin Gobir a Sabon Birni, da wani a Isa, da wani a Gwadabawa, maƙwabciyar Illela. Duk wanda ya ce "Sarkin Gobir ya zo" a wannan yanki, bai gama magana ba sai ya faɗi na ina.

Zazzau ta bi wannan sawu. Waɗanda suka bar Zariya sun gangara kudu, inda Abubakar Ja, wato Abu Ja, ya kafa gari a 1828, garin ya ci sunansa. A 1976 gwamnatin tarayya ta yanke shawarar gina sabon babban birni, ta ɗauki sunan Abuja ta ba shi, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan sarkinsa na lokacin, Sulaimanu Barau. Shi kuwa "ja" da ke maƙale a sunayen biyu, asalinsa hasken fatar mutum ɗaya ne.

Safiyar suna

A ƙauyukan Illela, kamar sauran ƙasar Hausa, ranar bakwai da haihuwa ake raɗa suna. Da an fito sallar asuba sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a zagaya da goro da dabino. Uban jariri ya matsa kusa da liman ya faɗa masa sunan a hankali, a yi addu'a, a shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da jama'a, kowa ya ce Allah ya raya. A yanka rago, wanzami ya zauna aski. Wannan shi ne sunan yanka, kuma kusan kullum na annabawa ne ko na sahabbai ko na iyalan gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Cikin gida kuwa wani zaman ake yi. Kaka ta karɓi jariri tana juya shi tana tsiya: "Kai, wannan miji nawa, ko kuɗin cefane bai zo da su ba!" In mace ce, kishiya ta samu. A nan, tsakanin kakanni da gwaggwanni da ungozoma, ake samun sunan da zai bi yaro har tsufa. Kuma shi wannan suna na biyu yakan ɗauki labarin da sunan yanka ba ya ɗauka: wace rana aka haife shi, wane lokaci na shekara, su wa suka riga shi, me gidan ya gani kafin zuwansa. A zamanin da babu takardar haihuwa, laƙabi shi ne rajistar.

Sunayen ranaku su suka fi yawa. Kasuwar Illela ranar Lahadi take ci, wanda aka haifa ran nan Ɗanladi ne ko Ladi. Akwai Altine da Tani na Litinin, Talatu da Ɗantala, Lami da Ɗanlami, Jummai da Ɗanjuma, Asabe da Ɗan'asabe. Na Laraba ne mai harshen damo: Balarabe. Wanda bai sani ba zai zaci mutumin Makka ne ko na Masar, alhali ranar haihuwa kawai ake nufi. Marigayi Abdulƙadir Balarabe Musa, gwamnan tsohuwar jihar Kaduna daga 1979 zuwa 1981, ba daga ƙasar Larabawa ya zo ba. Haka Bature da Turai: ga Bature na Ingila, ga Bature ɗan gida wanda aka ga ya fito fari, ga nahiyar Turai, ga Hajiya Turai, uwargidan marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa.

Lokutan shekara ma suna ba da nasu. Azumi ibada ce, kuma yarinya ce da aka haifa cikin watan. Marka tsakiyar damina ce, kuma sunan mace ne. Alhaji yana iya zama wanda ya sauke farali, yana iya zama yaron da aka haifa lokacin aikin hajji, bai taɓa wuce Gwadabawa ba. Idi sallar idi ce, kuma taƙaitaccen Idirisu ne. Ɗankaka kuwa sai an tambayi gidansu: ko lokacin kaka ya zo duniya, ana cikin girbi, ko kuwa a hannun kakarsa ya tashi.

Wasu sunayen Larabci ne suka faɗo kan kalmomin Hausa. Gidan da ke son sa wa 'ya'ya maza Muhammadu a jere yakan bambanta su da lissafi: Auwalu ko Lawal na farko, sai Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, har zuwa Ashiru na goma. Sani a nan "na biyu" yake nufi, ba shi da dangantaka da sanin da ake samu a makaranta, ko da yake iyaye ba sa ƙin a haɗa musu biyun. Rabi daga Rabi'atu take, ba rabin wani abu ba ce. Wada yalwar arziki ce, wadda ta ba Tudun Wada sunansa, amma in aka sauya karin sautin sai a koma ga gajeren mutum.

Sunan da ake ɓoye ƙauna a cikinsa

Inda ma'ana biyu ta fi nauyi shi ne sunayen 'yan wabi. Mace mai wabi ita ce wadda 'ya'yanta ke mutuwa tun suna jarirai, ɗaya bayan ɗaya. A da, kafin rigakafi da asibitocin karkara, ƙyanda da tarin shiƙa da zazzaɓi sun sa irin waɗannan mata suna da yawa. In aka sake haihuwa, sai a ba jaririn sunan da ke nuna kamar ba a damu da shi ba. A ce masa Ajuji, wato na kan juji, ko Ayashe, ko Bawa. Tunanin shi ne, duk abin da ke ɗauke 'ya'yan gidan, in ya ji an wulaƙanta wannan, zai wuce ya bar shi. Baƙo yana jin zagi, uwa kuwa ta san babu ɗan da ake ji da shi kamar wannan.

Wasu sunayen roƙo ne a fili. Barau da Abarshi da Abarta da Barmini duk daga "bari" suke: a bar mana wannan. Dangana da Dogara suna faɗin halin da iyaye suka shiga. Mantau fata ne a manta da baƙin cikin baya. Kyauta kuwa godiya ce.

Sunan ƙasƙanci bai taɓa hana mai shi girma ba. Sarkin Gobir da ya fi kowane suna a ƙarshen ƙarni na 18, wanda ya yi zamani da Shehu Usmanu a Alƙalawa, Bawa Jangwarzo ake ce masa. Ga kuma kalmar da kanta: bawa na iya zama wanda aka saya a kasuwa, yana iya zama bawan Allah, yabon da kowane mumini ke so a yi masa.

Malamai sun daɗe suna jan hankali a kan irin waɗannan sunaye, musamman inda aka haɗa su da camfi. Suna kafa hujja da cewa Annabi ya canza wa wasu sahabbai sunaye marasa kyawun ma'ana. A cikin waɗanda aka canza akwai wata mai suna da ke nufin "mai saɓo", aka mayar da ita Jamila. Abin lura, in aka rubuta wancan suna da boko, Asiya zai fito, daidai da sunan Asiya matar Fir'auna, wadda ake yabo da imani. A Larabci haruffansu daban, a bakin Bahaushe sun zama ɗaya, kuma ta biyun iyaye ke nufi.

Alkunya

Wani babban tushen sunaye masu fuska biyu shi ne kunya. Matar Bahaushe ta gargajiya ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na surukanta, da yawa kuma ba sa faɗin na ɗan fari. To, ga shi an haifi yaro an mayar masa da sunan kakansa na wajen uba. Uwar ba za ta iya kiransa ba, uban ma nauyi yake ji. Sai a sakaya: Abba, Baba, Babangida. In sunan kaka mace aka mayar, sai Ummi, Mama, Inna, Hajiya. Shi ya sa za a ji uwa tana ƙwala wa 'yar shekara uku kira, "Mama, zo ki sa takalmi!" Janar Ibrahim Badamasi Babangida, wanda ya mulki Najeriya daga 1985 zuwa 1993, da gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf, duk suna ɗauke da sunaye irin na wannan al'ada.

Akwai kuma sunayen da ke tafiya da abokan rakiyarsu. Kowane Abubakar Garba ne, kowane Umaru Sanda ne ko Faruku, Yusufu Maitama ne, A'ishatu Indo, Hadizatu Dije, Hauwa'u Kulu, Fatima Binta. A ƙasar Sakkwato wanda ya fi fice shi ne Usmanu. Saboda girman Ɗanfodiyo, duk mai wannan suna Shehu ne, ko ya yi karatu ko bai yi ba. Shugaban Najeriya na 1979 zuwa 1983 cikakken sunansa Shehu Usman Aliyu Shagari: Shehun abokin Usman ne, Shagarin kuma garinsu ne. Makarantun boko na farko sun saba liƙa wa ɗalibi sunan garinsa, shi ya sa Tafawa Ɓalewa da Kaita da Tambuwal da Wamakko kowanne gari ne, kuma mutum ne.

Inda takarda ba ta san laƙabi ba

Duk wannan tsari ya yi aiki lafiya muddin baki da kunne ne ke riƙe da shi. Matsala ta taso da aka zo cike fom. A ce dattijo ya zo wurin rajistar katin ɗan ƙasa. Ma'aikaci ya tambaye shi, "Baba, mi as sunanka?" Ya ce Shehu. A katin zaɓe Shehu, amma a banki, inda ɗansa ɗan boko ya cike masa takarda, Usman aka rubuta. A garinsu babu wanda zai ga saɓani a nan. Kwamfuta kuwa mutum biyu take gani. Tun da aka shigo da lambar banki ta BVN a 2014, aka kuma wajabta haɗa lambar ɗan ƙasa ta NIN da layin waya a ƙarshen 2020, mutane da yawa sun sha zirga-zirga tsakanin kotu da banki da ofishin rajista, da takardar rantsuwa a hannu, don su tabbatar da cewa Garba shi ne Abubakar.

A kan iyaka abin ninki biyu ne. Iyalai da yawa a yankin Illela da Ƙonni suna da dangi a ɓangarorin biyu, ana auratayya, ana cin kasuwannin juna. Amma akawun Nijar da ƙa'idar Faransanci yake rubutu. Usman ya zama Ousmane, Lawali ya zama Laouali, Sha'aibu ya zama Chaibou, Shekarau ya zama Chékaraou, Isufu ya zama Issoufou, ita Ƙonni kuma Birni N'Konni. 'Yan'uwa biyu masu kaka ɗaya sai su tashi da rubutun suna iri biyu.

Haruffa masu lanƙwasa ma suna faɗuwa a hanya, domin yawancin fom ɗin hukuma ba su san ɓ da ɗ da ƙ ba. Baƙo, sunan gwamnan Kano na farko Audu Baƙo, ya koma Bako. Ƙaura, babbar sarautar yaƙi ta Katsina, wadda dama ta yi kama da ƙaurar barin gari, sai ta koma kaura, wato irin dawar nan. Zaki, laƙabin da magoya bayan Mahamadu Isufu ke kiransa da shi, ba a bambanta shi da zaƙin rake in babu lanƙwasa.

Sai kuma gurbin da fom ke kira sunan iyali, abin da Bahaushe bai gada ba. Da aka matsa, sai kowa ya sa sunan uba ko na kaka, laƙabin mutum ɗaya ya zama na zuriya. Tanko asalinsa namijin da aka haifa bayan mata, Gambo mai bin tagwaye, Auta na ƙarshe, Cindo mai yatsa shida. Yau akwai ɗan fari mai amsa Auta a makaranta, da gida guda na 'yan Gambo da ba a taɓa haifar tagwaye a cikinsa ba. Mataimakiyar gwamnan Kaduna tun 2019, Dakta Hadiza Sabuwa Balarabe, mace ce da ke ɗauke da sunan namijin da aka haifa ranar Laraba, kuma da shi ake kiranta a takardun gwamnati da labaran rediyo.